Gani Ya Kori Ji? Shaidar Kyamara a Finafinan Ɗaukar Doka a Hannu

Fiye da shekara hamsin ke nan manazarta fim suna ja-in-ja a kan wani rukunin finafinan Amurka masu jigo ɗaya: an yi wa mutum ta'asa, hukuma ta kasa share masa hawaye, sai ya ɗauki bindiga ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne kuma hauni. Mashahurai daga cikinsu su ne *Dirty Harry* na 1971 da *Death Wish* na 1974 da *Taxi Driver* na 1976. Masu yabon su na cewa sun faɗi gaskiyar da masu mulki ba sa son ji. Masu kushe su na cewa guba ce aka zuba a zuma. Ni a nawa nazarin, duka ɓangarorin biyu sun zuba wa jarumi ido, alhali kuwa babban aikin da waɗannan finafinai suke yi a kan mai kallo suke yin sa. Don haka ma'aunin da zan ɗora su a kai tambaya ce guda: me fim ya bar mai kallo ya gani kafin a zartar da hukunci, me kuma ya ɓoye masa? Amsar wannan tambaya, a ganina, ita ce ke rarrabe fim ɗin da ya cancanci a kira shi adabi da wanda ya tsaya ga sosa wa mai kallo inda yake masa ƙaiƙayi.

Wajibi ne a fara da zamanin da ya haifi finafinan. Tsakanin 1960 da 1974 yawan kisan kai a birnin New York ya ninka fiye da sau uku. A daidai wannan lokaci Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wasu hukunce-hukunce da suka ƙarfafa haƙƙin wanda ake tuhuma. A shari'ar Escobedo ta 1964 ta tabbatar masa da damar ganin lauya lokacin da 'yan sanda ke masa tambayoyi, a shari'ar Miranda ta 1966 kuma ta wajabta a sanar da shi cewa yana da ikon yin shiru. Mutumin da aka yi wa ƙwace a bakin ƙofar gidansa ba ya tsayawa bin diddigin ko ɗayan abubuwan nan biyu ne ya jawo ɗayan. Abin da ya sani shi ne laifi na ƙaruwa, kotu kuma na ƙara wa mai laifi kariya. A cikin wannan ɓacin rai aka dasa finafinan, suka kuma yi yabanya.

Saboda haka ban yarda da masu raina hujjar ɓangaren farko ba. Tsoron da finafinan suka kama na gaskiya ne, kuma adabin da ya ƙi duban wanda aka zalunta ya bar rabin aikinsa. Labarin ramuwa ma ya girmi silima nesa ba kusa ba, domin da shi aka gina manyan wasannin kwaikwayo tun zamanin Girkawa. Haka kuma ban ga laifin ɓangare na biyu ba. Pauline Kael, mai sharhin finafinai a mujallar *The New Yorker*, ta hango aƙidar mulkin kama-karya a cikin *Dirty Harry*, Vincent Canby na jaridar *New York Times* kuma ya yi wa *Death Wish* kaca-kaca bisa cewa yana kwaɗaitar da kisa. Sai dai muddin muhawarar ta tsaya a kan ko ramuwa halal ce ko haram, to wa'azi ake yi, ba a shiga nazarin fim ba tukuna. Nazari yana farawa ne daga zubi da tsarin labari.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Alƙali a kotu bai taɓa ganin laifin da yake shari'a a kansa ba. Ji yake yi: daga mai ƙara, daga shaidu, daga wanda ake ƙara. Duk ƙa'idojin da ke sa shari'a jan ƙafa, kamar neman shaidu da tantance su da sauraron ɓangare na biyu, an kafa su ne domin cike gurbin ganin da alƙali bai yi ba. Ko a fiƙihun Musulunci, inda aka bai wa waliyyin jini haƙƙin ƙisasi, hukuma ce ke tabbatar da laifi ta kuma zartar, shubuha kuwa tana kawar da haddi. Fim yana da wata dama da babu alƙalin da ya taɓa samu: yana iya kai mai kallo wurin da aka aikata laifi, ya nuna masa fuskar mai laifin ƙuru-ƙuru. Daga wannan lokaci mai kallo ya zama shaidan gani da ido, kuma duk wanda ya tashi a cikin fim ɗin ya ce a kawo hujja, sai ya zama tamkar wawa ko munafuki. Kyamara shaida ce da ba a rantsar da ita, ba a kuma yi mata tambayar ƙwaƙwaf. Wanda ya riƙe ta ya riga ya ci shari'a kafin a zauna.

*Dirty Harry*, wanda Don Siegel ya ba da umarni, shi ne ya fi kowane ƙwarewa wajen amfani da wannan dama. A fitowar farko muna bayan bindigar makashin da ake kira Scorpio, a saman wani dogon bene a San Francisco, muna kallo ya harbe wata mata da ke ninƙaya. Ba mu da sauran shakka a kansa har fim ya ƙare. Daga baya ya sace yarinya 'yar shekara 14 ya binne ta da rai, ya ce iskar da za ta shaƙa ta 'yan sa'o'i ce. Sufeto Harry Callahan, wanda Clint Eastwood ya fito a matsayinsa, ya kutsa makwancinsa ba tare da takardar izinin bincike ba, ya harbe shi a ƙafa a tsakiyar filin wasa na Kezar, ya taka raunin har ya faɗi inda yarinyar take. Aka tono ta a mace. Sai ga babban lauyan gwamnati da wani alƙali malamin jami'a suna yi wa Harry bayanin cewa bindigar da ya samo ba za ta karɓu a kotu ba, suna ambaton Escobedo da Miranda, aka saki makashin. Duk wanda ya kalli wannan fitowa zai ce lalle shari'a saɓanin hankali.

Amma a lura da yawan tubalan da marubuta suka jera kafin su kai mu ga wannan fushi. Sai da suka ba mu mai laifin da muka gani da idonmu, suka cire masa duk wani ɗigon mutuntaka, suka sa agogo yana bugawa a kan ran yarinya, sannan suka sa mutumin da aka azabtar ya kasance shi ne ainihin mai laifin. Cire tubali ɗaya, ginin ya rushe. Ɗan sandan gaske da ke taka raunin wanda ya kama bai kalli fitowar farko ba, zato kawai yake da shi. Duk da haka ina ganin Siegel ya fi labarin da aka ba shi gaskiya. A daidai lokacin azabtarwar, kyamara ta ja da baya, ta tashi sama, ta bar mutanen biyu sun zama ɗigo a cikin hazo, kamar mai kawar da kai daga abin kunya. A ƙarshe kuma, bayan Harry ya kashe Scorpio, ya cire bajensa na ɗan sanda ya wurga a ruwa. Fim ɗin ya yarda cewa ba a haɗa wannan aiki da wannan baje. Shekara biyu bayan haka, a *Magnum Force* na 1973, aka mayar da 'yan sanda masu kisan gilla su ne miyagu, Harry kuma yana yaƙar su, abin da ya yi kama da mayar da martani ga masu suka.

*Death Wish* na Michael Winner ya fi shi rauni a fasaha, amma akwai wani abu a zubinsa da ya kamata a tsaya a kai. Paul Kersey, wanda Charles Bronson ya taka, mai zanen gine-gine ne a New York, mutum mai sanyin hali da ya ƙi ɗaukar makami a yaƙin Koriya ya yi aiki a sashen jinya. Wasu 'yan iska uku suka shiga gidansa, suka kashe matarsa, suka ci zarafin 'yarsa har ta zauce. Ya je aiki Tucson a jihar Arizona, ya kalli wasan kwaikwayon kaboyi da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido, wani abokin hulɗa ya yi masa kyautar ƙaramar bindiga. Da ya dawo sai ya shiga yawon dare yana mai da kansa tarko, yana harbe duk wanda ya taso masa da ƙwace. Abin lura shi ne har fim ya ƙare Kersey bai sake haɗuwa da mutanen ukun nan ba, bai ma neme su ba. Waɗanda suka mutu a hannunsa ba su san matarsa ba. Ashe abin da yake yi ya wuce ramuwa, ya zama huce haushi a kan wani jinsin mutane.

A nan Winner ya samu ƙofar babban fim, ya ƙi shiga. Alamun suna nan: Kersey ya yi amai bayan kisan farko, daga baya kuwa sai ga shi ya sake wa gidansa fenti mai haske yana sauraron kiɗa cikin nishaɗi, 'yarsa tana can asibiti ba ta magana. Mutum ne da kisa ya zame wa magani, sannan ya zame masa jaraba. Amma maimakon fim ya bi wannan ciwo, sai ya yi ta wanke jaruminsa da shaidar kyamara. Kusan kowane wanda Kersey ya harbe sai an fara nuna mana shi da wuƙa ko bindiga a hannu. Harsashinsa bai taɓa kuskurewa ya sami mai wucewa ba. Bai taɓa harbin yaron da ya matso don tambayar hanya ba. Aka kuma ce mana ƙwace ya ragu da kusan rabi a birnin, har manyan hukuma suka gwammace a kore shi a asirce da a gurfanar da shi. Ya sauka a Chicago, ya ga wasu zauna-gari-banza, ya nuna su da yatsa kamar bindiga yana murmushi. Brian Garfield, wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin a 1972, bai ji daɗin abin da aka yi da shi ba, har ya rubuta ci gaba mai suna *Death Sentence* a 1975 domin ya nuna inda wannan hanya take ɓullewa. Silima ta bi tata hanyar: an yi ci gaban fim ɗin har sau huɗu tsakanin 1982 da 1994, gawawwaki na ƙaruwa, tunani na raguwa.

Mai kallo a ƙasar Hausa ya fi sanin wannan tauraro ta hannun Indiya, domin finafinanta ne suka fi cika gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa. A *Zanjeer* na 1973, wanda ya ɗaga Amitabh Bachchan, Vijay yana yaro ya ga an kashe iyayensa daga inda ya ɓuya, abin da ya riƙe kawai shi ne siffar farin doki a sarƙar hannun makashin. Ya girma ya zama ɗan sanda, aka ƙulla masa sharrin cin hanci aka ɗaure shi, ya fito ya bi sawu har ya isa ga Teja. Bambancinsa da Kersey a fili yake. Vijay ainihin mai laifin ya nema, kuma mai laifin babban mutum ne mai dukiya da ya fi ƙarfin doka. Fushin Vijay sama yake kallo, na Kersey kuwa ƙasa. Wannan ya sa na fi jin tausayin Vijay, amma dabarar ɗaya ce: an ba jarumi gani, an ba mu, sarƙar hannu ta zama hujjar da ba ta ƙarya.

*Taxi Driver*, wanda Paul Schrader ya rubuta, Martin Scorsese ya ba da umarni, ya karɓi wannan dabara ya juya ta. A nan ma ta idon jarumi muke kallon birni, sai dai a hankali muke gane cewa idon ba shi da lafiya. Travis Bickle, tsohon soja mai tuƙin tasi da dare saboda barci ya ƙaurace masa, yana ganin kowa a titi ƙazanta ne da ya kamata a wanke. Robert De Niro ya taka shi yadda mai kallo zai fara da tausayi ya ƙare da tsoro. Wanda Travis ya fara nufa da bindiga ɗan takarar shugaban ƙasa ne, Sanata Palantine, wanda bai yi masa laifin komai ba. Da masu gadi suka gano shi ya tsere, sai ya karkata ga kawalin da ke riƙe da Iris, yarinya 'yar shekara 12, ya yi ɓarin jini a gidan. Jaridu suka kira shi gwarzo, iyayen yarinyar suka aiko da wasiƙar godiya. Da harbin farko ya yi nasara, da sunansa ɗan ta'adda. Mutumin ɗaya ne, bindigar ɗaya ce, ciwon ɗaya ne, sa'a ce kawai ta zaɓa masa suna. A ganina babu suka mai kaifi da aka taɓa yi wa *Death Wish* kamar wannan fim, wanda ya lashe babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a 1976.

Sai dai fim ɗin da na fi ɗaukaka a wannan fage ya girme su duka. *The Ox-Bow Incident* na William Wellman ya fito a 1943, tsawonsa bai wuce minti 75 ba. A wani ƙauyen Nevada a 1885 labari ya iso cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi mai suna Kinkaid. Ba a nuna mana kisan ba. Mu ma ji muka yi, kamar kowa. Mutanen gari suka yi gayya, suka tarar da baƙi uku suna barci a daji tare da shanun Kinkaid. Shugabansu, Donald Martin, ya ce saya ya yi, amma ba shi da takardar ciniki. Aka sami bindigar Kinkaid a hannun ɗayansu, ya ce tsinta ya yi. Hujjojin suna da ƙarfi, har mai kallo ma zuciyarsa takan raya masa cewa su ne. Mutum bakwai kaɗai suka ce a jira shari'a, cikinsu har da tauraron da Henry Fonda ya taka. Da asuba aka rataye su. A hanyar komawa gayyar ta haɗu da shugaban 'yan sandan yankin, ya shaida musu cewa Kinkaid yana raye, waɗanda suka harbe shi kuma suna hannu. Wellman ya hana mu gani domin ya zaunar da mu inda kowane ɗan gayya na gaske yake zaune, wato a kan ji da zato da fushi.

Mai ja da ni zai iya cewa wannan ma maguɗi ne ta ɗaya gefen: Siegel ya zaɓi mai laifi tsantsa, Wellman ya zaɓi marasa laifi tsantsa. Idan wanda aka kama shi ne ya aikata fa? Wannan ƙorafi yana da nauyi, amsarsa kuma tana cikin *M*, fim ɗin da Fritz Lang ya yi a Jamus a 1931. Hans Beckert, wanda Peter Lorre ya taka, makashin ƙananan yara ne, babu tantama. Sintirin 'yan sanda ya hana ɓarayin birni sana'a, sai suka haɗa kai da mabarata suka kamo shi, suka kafa masa kotu a wani kangon masana'anta. Lang ya ba mu tabbacin laifi, sannan ya juya kyamara ga masu hukunci. Alƙalin zaman shi kansa ana neman sa da laifin kisa. Abin da ya tara su kuwa kasuwarsu ce da ta tsaya. Beckert ya durƙusa yana kururuwar cewa shi abin da ke cikinsa ne ya fi ƙarfinsa, su kuwa da zaɓinsu suke ɓarna. Mai kallo ba ya yafe masa, amma ba ya iya miƙa shi ga wannan taro da zuciya ɗaya. Abin da *M* ya ƙara a kan *Ox-Bow* shi ne, ko an dace da mai laifi, saura tambayar wane ne ya naɗa mai hukunci, wa kuma zai tuhume shi ranar da ya kuskure.

Wannan muhawara ba ta tsaya a zauren silima ba. A watan Disamba na 1984 Bernhard Goetz ya harbi matasa baƙar fata huɗu a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, jama'a da jaridu suka yi ta kwatanta shi da Kersey, kotu kuma a 1987 ta same shi da laifin mallakar bindiga ba izini kaɗai. Mu ma nan ba baƙin labarin ba ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare motar wasu mafarauta da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Salla, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, taro ya kashe mutum 16. Baƙi a hanya, wani abu a hannunsu mai kama da hujja, gari mai cike da tsoro na gaskiya: zubin *Ox-Bow* ke nan tiryan-tiryan. Ba na cewa fim ne ya kashe kowa. Abin da nake cewa shi ne kowane mutum a irin wannan taro yana jin kamar ya kalli fitowar farko, alhali babu wanda ya kalla.

Saboda haka ga yadda na jera su. *Death Wish* yana ƙasa, domin ya ga ciwon jaruminsa ya rufe shi da tafi. *Dirty Harry* da *Zanjeer* suna tsakiya: ƙwarewarsu ba ta da musu, fushinsu yana da tushe, amma nasararsu ta dogara ga tabbacin da suka ba mai kallo kyauta, wanda rayuwa ba ta bayarwa. *Taxi Driver* da *M* da *The Ox-Bow Incident* suna sama, domin kowannensu ya ƙwace wa mai kallo wani abin dogaro: na farko ya sa shi shakkar idon jarumi, na biyu ya sa shi shakkar masu hukunci, na uku ya sa shi shakkar kansa. Ban ce a daina kallon na ƙasan ba, domin ɗalibin adabi zai koyi yadda ake sarrafa zuciyar mai kallo daga Siegel fiye da yadda zai koya daga littattafai masu yawa. Abin da nake nema gare shi shi ne, duk lokacin da ya ji hannunsa na ƙaiƙayin tafi saboda jarumi ya harbe mugu, ya tambayi kansa wane ne ya nuna masa cewa mugun ne, kuma da a ce ji kawai ya yi, da wane ɓangare zai tsaya a cikin gayyar: da masu igiya, ko da mutum bakwai ɗin nan.